Wasannin Kwamfutar ZX Spectrum

ZX Spectrum ƙaramar kwamfutar gida ce da kamfanin Sinclair Research na garin Cambridge a Ingila ya fitar ranar 23 ga Afrilu, 1982. Mai kamfanin, Clive Sinclair, ya so ne ta zama na'urar koyo da lissafi wadda talaka zai iya saya, amma yara suka mayar da ita abin wasa. Kafin a daina ƙera ta a 1992 an sayar da kusan miliyan 5, an kuma rubuta mata dubban wasanni. Da yawa daga cikin wasannin farko matasa ne suka rubuta su a ɗakunan kwanansu, suka kai wa ƙananan kamfanoni suka buga a kaset. Har yau ana buga waɗannan wasanni, kuma masu waiwayensu sun lura cewa wasu suna nan da daɗinsu, wasu kuwa sai dai a yaba musu don tarihi.

Na'urar da iyakokinta

Iri biyu aka fara sayarwa: mai ƙwaƙwalwar kilobait 16 (ma'aunin yawan bayanan da take iya riƙewa) a kan fam 125, da mai kilobait 48 a kan fam 175. A masana'antar Timex da ke Dundee a Sikotilan ake haɗa ta. Girmanta bai wuce littafi ba, ba ta da allon kallo nata, sai a jona ta da talabijin ɗin gidan. Madannanta guda 40 na roba ne masu laushi, kuma babu wurin jona sandar wasa sai an sayi wani ƙarin akwati, wanda na kamfanin Kempston ya fi shahara. Shi ya sa akasarin yara da madannai suka koyi wasa: Q sama, A ƙasa, O hagu, P dama. Sauti kuma daga wata 'yar lasifika yake fita, murya ɗaya tak, kamar kukan gyare.

Abin da ya fi bai wa wasanninta kamanni na daban shi ne yadda take tafiyar da launi. Hoton yana da ɗigo 256 a kwance da 192 a tsaye, amma launi ba ya bin ɗigo ɗaya-ɗaya. An yanka allon gida-gida, kowane gida ɗigo 8 ta kowane gefe, kuma launi biyu kaɗai gida guda yake ɗauka. Dabarar tsimi ce, domin hoton gaba ɗaya bait 6,912 kawai yake ci. Matsalarta ita ce idan jan mutum ya gifta gaban koren bango, ko dai shi ya koma kore ko bangon ya yi jan tabo. Wannan karon launi ya zama tambarin na'urar, kuma rabin gwanintar mai rubuta mata wasa ita ce sanin yadda zai kauce masa.

Kaset

Wasannin a kaset suke zuwa, irin wanda ake sauraron waƙa da shi. Mai wasa zai jona rikoda da kwamfutar, ya rubuta LOAD "" ta hanyar danna harafin J sannan alamar zance sau biyu, ya kunna kaset ɗin. Sai ƙara ta tashi, gefen talabijin ya cika da ratsin ja da shuɗi mai haske, daga nan ya koma shuɗi da rawaya, hoton bangon wasan yana fitowa layi-layi. Babban wasa yakan ɗauki kamar minti biyar. Idan ƙarar rikodar ta yi yawa ko ta yi kaɗan, ko kan rikodar ya ɗan karkace, sai a ga "R Tape loading error" a ƙasan allo, a mayar da kaset baya a sake daga farko. Gidaje da yawa sun ajiye ƙaramin sukudireba kusa da rikoda don gyara kan.

Wannan jira yana da tasiri a kan yadda aka ɗauki wasannin. Yaron da ya tara kuɗin kashewarsa ya sayi kaset guda, ya kuma zauna minti biyar yana jira, ba zai kashe wasan ba don ya mutu sau uku. Zai yi ta fama har ya haddace shi. Mai buga wasan a yau, wanda yake da ɗaruruwan wasanni a gabansa kowanne yana buɗewa cikin ƙiftawar ido, ba shi da wannan haƙurin, kuma wasanni da dama sun dogara ne da haƙurin.

Manic Miner da Jet Set Willy

Matthew Smith yana ɗan shekara 17 lokacin da kamfanin Bug-Byte na Liverpool ya fitar da wasansa Manic Miner a 1983. Wani mai haƙar ma'adinai ne mai suna Willy yake ratsa koguna 20. A kowane kogo sai ya tattara abubuwan da ke walƙiya sannan ƙofar fita ta buɗe, ga kuma ma'aunin iska a ƙasan allo yana raguwa. Hagu, dama da tsalle, iyakar abin da Willy ya iya ke nan. Idan ya tashi sama ba a iya juya shi sai ya sauka, kuma tsallen nasa tsawo ɗaya ne kullum. Wasu dandamalin suna zaizayewa ƙarƙashin ƙafarsa, wasu suna jan sa gefe. In rayukansa suka ƙare, wata ƙatuwar ƙafa ce take saukowa daga sama ta take shi.

Wasan yana da tsanani, amma ba ya ha'inci. Duk kogon yana kan allo guda, maƙiyan suna kai-komo a hanya ɗaya ba sa canzawa, saboda haka wanda ya mutu ya san inda ya yi kuskure. Wannan ne ya sa Manic Miner yake cikin waɗanda suka fi jure wa zamani: wanda bai taɓa ganin Spectrum ba zai gane dokarsa cikin minti ɗaya, ko da zai kwana bai wuce kogon farko ba.

Magajinsa, Jet Set Willy na 1984 daga kamfanin Software Projects, ya fi shi buri. Willy ya yi arziki, ya yi shagali a katafaren gidansa mai ɗakuna kusan 60, mai kula da gidan, Maria, ta hana shi kwanciya sai ya tsince tarkacen. Ana shiga kowane ɗaki yadda aka ga dama, abin da ya burge mutane ƙwarai a lokacin. Sai dai wasan ya fito da kurakurai. Shiga ɗakin da ake kira The Attic yana lalata bayanan wasu ɗakunan, ta yadda duk wanda ya shige su daga baya sai ya mutu nan take, kuma a bugun farko ba a iya kammala wasan kwata-kwata sai da kamfanin ya fitar da wasu lambobin gyara da ake rubutawa kafin a fara. Akwai kuma wani aibin da ya fi cin rai a yau: idan Willy ya faɗo cikin ɗaki daga wuri mai tsawo ya mutu, wasan yana dawo da shi daidai inda ya shigo, ya sake faɗowa, har rayukan su ƙare mai wasa yana kallo. Yawon gidan yana da daɗi har gobe. Kammala shi kuwa aikin masu taurin kai ne.

Ultimate da hoto mai zurfi

'Yan'uwa biyu, Tim da Chris Stamper, su ne ginshiƙin kamfanin Ultimate Play the Game a garin Ashby-de-la-Zouch. Wasansu na farko, Jetpac na 1983, ya shiga cikin kilobait 16: ɗan sama jannati yana harhaɗa roka, ya cika ta da mai, yana harbin abubuwan da ke shawagi. Motsinsa yana da santsi, kuma har yanzu ba shi da makusa sai maimaici.

A ƙarshen 1984 suka fitar da Knight Lore, wanda ya nuna ɗakuna daga kusurwa, da tsawo da faɗi da zurfi, ana iya tura akwati a hau kansa ko a ɓuya bayan ginshiƙi. Jarumin, Sabreman, yana rikiɗa ya zama kyarkeci duk dare, kuma yana da kwana 40 ya tara wa wani boka kayan haɗin maganin da zai warware tsinuwar. Don gudun karon launi, kowane ɗaki launi ɗaya aka yi masa a kan baƙi. Masu sharhi na lokacin sun rasa bakin yabo, kamfanoni kuma suka yi ta kwaikwayonsa shekaru.

A hannu kuwa, Knight Lore ya tsufa fiye da Jetpac. Da zarar abubuwa sun yi yawa a ɗaki sai komai ya yi nauyi kamar ana tafiya cikin laka. Jarumin sai an juya shi kafin ya taka, kuma da wuya ido ya tantance ko dutsen da za a dira a kai yana gaba ne ko yana sama. Rikiɗar ma takan zo ana tsakiyar tsalle. Head over Heels na Jon Ritman da Bernie Drummond, wanda kamfanin Ocean ya fitar a 1987, ya ɗauki wannan salo ya gyara shi. Halittu biyu ne, ɗaya gwanin tsalle ɗaya gwanin gudu da ɗaukar kaya, ana iya raba su ko a ɗora ɗaya kan ɗaya, kuma kowane ɗaki wasa ƙwaƙwalwa ne mai mafita. Wanda yake son ɗanɗana wannan salo a yau gara ya fara da shi.

Waɗanda ba su tsufa ba

Chuckie Egg na Nigel Alderton, 1983, tsintar ƙwai 12 ne a kowane mataki ana hawa tsani ana kauce wa tsuntsaye, bayan mataki na 8 kuma a saki ƙatuwar agwagwar da take cikin keji tun farko. Hotonsa ba abin a zo a gani ba ne, amma saurinsa da yadda ɗan mutumin yake amsa madanni sun sa ba ya gundura. Deathchase na Mervyn Estcourt, shi ma 1983 kuma cikin kilobait 16, babur ne a cikin daji, bishiyoyi suna tahowa da gudu, ba a iya harbi sai an ƙure gudu. Mujallar Your Sinclair ta taɓa sa shi na ɗaya a jerin wasanni 100 da ta fi so.

Wasannin dabara ma sun yi ƙarko, tunda ba su dogara da sauri ko launi ba. Chaos na Julian Gollop, 1985, yana haɗa bokaye har 8 a fili guda, kowa yana kiran halittu su yi masa yaƙi. Ana iya kiran halitta ta gaske, wadda kiran nata kan iya cin tura, ko ta ƙarya, wadda kullum take zuwa amma abokin gaba zai iya ɓatar da ita idan ya ƙi yarda da ita. Wasan sai ya koma karatun fuskar wanda ke zaune kusa da kai. Gollop ne daga baya ya jagoranci wasan X-COM na farko a 1994. The Lords of Midnight na Mike Singleton, 1984, ya cusa ƙasa guda da rundunoninta da duwatsunta cikin kilobait 48, ana kallon ta ta idon kowane sarkin yaƙi.

Waɗanda suka fi shan wahalar zamani su ne wasannin da aka kwaso daga manyan injunan gidajen wasa ko aka rataya musu sunan fim, inda na'urar take ƙoƙarin ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinta. Akwai 'yan kaɗan da suka yi abin mamaki, irin R-Type da Bob Pape ya mayar kan Spectrum a 1988 da Chase H.Q. na 1989. Daley Thompson's Decathlon na 1984 kuwa an fi tuna shi da yawan sandunan wasa da madannan da ya karya, domin gudu a cikinsa shi ne a yi ta kaɗa hagu da dama iya ƙarfin hannu.

Mujallu da kasuwa

Mujallar Crash, da aka fara bugawa a Ludlow a 1984, ta riƙa sa matasa 'yan makaranta su gwada wasanni su ba da maki, kuma tambarinta na "Crash Smash" yana sayar da kaset. Mujallu suna buga taswirar wasanni da lambobin POKE, waɗanda ake rubutawa kafin a fara wasa su ba da rai marar ƙarewa, abin da ke nuna cewa ko a wancan lokaci mutane ba su ɗauki tsananin wasannin a matsayin dole ba. Kamfanonin Mastertronic da Codemasters sun karya farashi zuwa fam 1.99, kuma a Codemasters ne tagwayen Oliver suka fito da wasan Dizzy a 1987. Kwafar kaset da rikoda mai baki biyu ta zama ruwan dare a makarantu. Kamfanoni suka yi ta ƙirƙiro kariya, daga katin launuka na Jet Set Willy zuwa gilashin Lenslok na karanta lambar shiga a allo da aka haɗa da wasan Elite, wanda ya sha hana masu kaset na halal ma shiga wasansu.

A 1985 aka fitar da samfurin kilobait 128 a Sifen, mai sauti murya uku. A Afrilun 1986 kamfanin Amstrad ya sayi harkar kwamfutar Sinclair a kan fam miliyan 5, ya fitar da samfurin +2 mai rikoda a jiki da +3 mai faifai. A wasu ƙasashe an ƙera kwaikwayonta, irin TK90X a Brazil, Didaktik a Cekosulobakiya da Pentagon a Tarayyar Sobiyet, inda aka ci gaba da rubuta mata wasanni bayan kasuwarta ta mutu a Birtaniya.

Buga su a yau

Akasarin masu buga wasannin yanzu da manhajar kwaikwayo suke yi, irin Fuse, wadda take mayar da kwamfutar zamani Spectrum. Tana ba da damar adana wasa a kowane wuri, abin da na'urar asali ba ta da shi, kuma wannan kaɗai yana mayar da Jet Set Willy wani wasa daban. Tarin Rare Replay na 2015, daga kamfanin Rare da 'yan'uwan Stamper suka kafa bayan Ultimate, ya ƙunshi Jetpac da Knight Lore tare da madannin mayar da lokaci baya. Akwai kuma sababbin na'urori: ZX Spectrum Next, da aka tara kuɗinta a shafin tara gudummawa na Kickstarter a 2017, da The Spectrum ta kamfanin Retro Games a 2024, wadda ta dawo da madannan roba kuma ta zo da wasanni 48 a ciki. Masu sha'awa suna ci gaba da rubuta sababbin wasanni duk shekara, wasu ma sun gano hanyar canza launi daidai lokacin da talabijin yake zana kowane layi, ta yadda gida guda zai ɗauki launuka fiye da biyu a kan na'urar 1982 ba tare da an ƙara mata komai ba.