Ƙwannafi ba daga yunwa kaɗai yake ba

Mun daɗe muna jin cewa duk zafin ƙirji olsa ce, yunwa ke kawo ta, a jiƙa kanwa a sha ta wuce. Kanwar takan kwantar da zafin na ɗan lokaci, shi ya sa aka yarda.

Amma sau da yawa ruwan asid ne ke tasowa daga tumbi, ko ƙwayar cutar H. pylori, su kumbura mahaɗar tumbi da hanyar abinci. Idan abin ya yi shekaru, fatar wurin na iya rikiɗewa ta yi kama da ta hanji. Yawanci ba ta zama ciwon daji (kansa), amma tana buƙatar sa ido.

Gwajin bahaya na gano ƙwayar, rikiɗewar kuwa sai likita ya zura kyamara ya ɗebi ɗan nama. Don Allah a tura wa 'yan uwa.