Sujada da addu'a a addinin Kirista: amsoshin tambayoyin da maƙwabta suke yi

A Garwa da Marwa da Ngawundare, a arewacin Kamaru, Bahaushe yakan yi shekaru yana kasuwanci kafaɗa da kafaɗa da Kirista ɗan ƙabilar Tupuri ko Gbaya ko Mafa, suna zuwa wa juna suna da ta'aziyya, amma bai taɓa leƙa majami'a ya ga abin da ake yi a ciki ba. Ni Kirista ne da na tashi a cikin Hausawa, kuma waɗannan tambayoyi daga bakin dattawa da abokan zama na ji su, waɗanda suka yi su don neman sani.

Tambaya: Kiristoci suna da salla mai ƙayyadadden lokaci kamar ta Musulmi?

Amsa: Babu wata ibada mai raka'o'i da aka farlanta wa kowane Kirista sau kaza a yini. Kalmomi biyu muke amfani da su: addu'a, wato ganawar mutum da Allah, da kuma sujada, wadda a bakin Kiristoci masu jin Hausa take nufin taron ibada gaba ɗayansa, da waƙa da karatu da wa'azi. Duk da haka, ajiye lokutan addu'a tsohuwar al'ada ce. Annabi Daniyel yana durƙusawa sau uku a yini, mai Zabura ta 119 ya ce yana yabon Allah sau bakwai, kuma a kan wannan ne masu zaman zuhudu suka gina jadawalinsu tun zamanin Benedikt a ƙarni na 6. Har yau limaman Katolika da sistoci suna karanta addu'o'in safe da rana da yamma da dare a matsayin wajibi, Kibɗawan Masar kuma suna riƙe da lokuta bakwai. Kirista na gida kuwa, abin da aka fi sani a wurinsa shi ne addu'ar asuba da iyali, godiya kafin cin abinci, da addu'ar kwanciya.

Tambaya: Akwai alƙibla, kuma akwai alwala?

Amsa: Babu ko ɗaya a matsayin sharaɗi. A Linjilar Yahaya sura ta 4, wata mace Basamariya ta tambayi Yesu Almasihu ko a kan dutsensu ya kamata a yi sujada ko a Urushalima, sai ya amsa mata cewa Allah Ruhu ne, masu yi masa sujada kuma a ruhu da gaskiya za su yi. Kiristocin farko sun so fuskantar gabas, har aka gina tsofaffin majami'u da yawa a haka, amma ba a ce addu'ar wanda ya fuskanci yamma ta ɓaci ba. Ruwan da ɗan Katolika yake tsoma yatsa a ciki a bakin ƙofa tunin baftismarsa ne, wato wankan shiga addinin Kirista. Ana addu'a a tsaye, a durƙushe ko a zaune, Kiristocin Habasha kuma suna tuɓe takalma su kai goshi ƙasa, kamar yadda Yesu kansa ya fāɗi rubda ciki a lambun Getsamani.

Tambaya: To me ake faɗa a cikin addu'ar?

Amsa: Addu'ar da ta haɗa dukan Kiristocin duniya ita ce Addu'ar Ubangiji, wadda take a Matiyu sura ta 6 da Luka sura ta 11. Tana farawa da kiran Allah Uba da tsarkake sunansa, sannan roƙon mulkinsa ya zo, a yi nufinsa a duniya, ya ba mu abincin yini, ya gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, ya kuma tsare mu daga mugu. A ganina wannan roƙo na gafara shi ne mafi nauyi a cikinta, domin wanda ya riƙe ɗan'uwansa a zuci ya kuma karanta ta, da bakinsa yake yanke wa kansa hukunci. Bayan ita akwai Zabura guda 150, sai kuma addu'ar da mutum yake yi da kalmominsa, da harshen da ya sha a nono, ko Fulatanci ne ko Masa ko Hausa. Yawanci ana rufewa da sunan Yesu, jama'a su amsa da amin.

Tambaya: Me ya sa Lahadi?

Amsa: Domin Kiristoci sun gaskata cewa a ranar farko ta mako Almasihu ya tashi daga matattu. Ayyukan Manzanni sura ta 20 ta nuna masu bi suna taruwa a wannan rana, tun kafin Sarki Kustantin na Rum ya mai da ita ranar hutu a shekarar 321. 'Yan Adbentis su ne suke riƙe da Asabar.

Tambaya: Idan addini ɗaya ne, me ya sa sujadar wannan coci ba ta yi kama da ta wancan ba?

Amsa: Tarihin yankinmu ya isa ya bayyana wannan. 'Yan mishan na ɗarikar Luta daga Amurka sun iso ƙasar Adamawa a 1923, na Norwe suka biyo baya a 1925, kuma daga aikinsu ne ikilisiyar Luta mai hedikwata a Ngawundare ta fito. Limaman Katolika na ƙungiyar Oblat sun iso arewa a 1946 ƙarƙashin jagorancin Yves Plumey, wanda daga baya ya zama babban bishop na farko a Garwa. Kowane ɓangare ya zo da gadonsa. A wurin Katolika, zuciyar sujada ita ce Misa, inda aka gaskata cewa gurasa da ruwan inabi suna zama jiki da jinin Almasihu, shi ya sa ake durƙuso da natsuwa a lokacin tsarkake su. 'Yan Luta ma sun gaskata Almasihu yana nan cikin Jibin Ubangiji, wato cin wannan gurasa da shan ruwan inabi, sai dai sun ba wa'azi da waƙar jama'a babban matsayi, tun daga gyaran da Martin Luta ya fara a Jamus a 1517. Baftis da wasu ikilisiyoyin bishara suna ɗaukar jibin a matsayin tunawa, 'yan Fentikos kuma sun fi ƙarfafa addu'a da murya sama, ba da shaida da roƙon warkarwa.

Wani abin da ya sauya fuskar Misa a nan shi ne babban taron Batikan na biyu, daga 1962 zuwa 1965, wanda ya buɗe ƙofar yin ta da harsunan jama'a a maimakon Latin kaɗai. Baba Simon Mpeke, limamin da ya bar kudu ya zauna a Tokombere yana hawan duwatsun Mandara ba takalmi har zuwa dab da rasuwarsa a 1975, ya yi suna ne saboda ya saurari yadda mutanen duwatsu suke kiran Allah kafin ya yi musu wa'azi. Saboda haka wanda ya ga sujada a coci ɗaya, kada ya ɗauka ya ga ta dukan Kiristoci.

Tambaya: Ganga da rawa a wurin ibada, ba wasa ba ne?

Amsa: Zabura ta 150 ta ce a yabi Allah da ƙaho da molo da ganga da rawa, Sarki Dawuda ma ya yi rawa a gaban akwatin alkawari. Idan zumuntar matan coci ta tashi da shantu da ganga tana kai baiko, wato kyautar da ake bayarwa a majami'a, godiya take yi da jiki duka. Sai dai zan faɗi gaskiya ga 'yan'uwana: lasifikar da ake sakewa har tsakar dare a unguwar da marar lafiya yake kwance, ba ta da hujja a Littafi Mai Tsarki. Yesu ya ce mai addu'a ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya kuma gargaɗi masu zaton yawan magana ne zai sa a ji su.

Tambaya: Muna ganin wasu Kiristoci da carbi. Maryamu suke bauta wa?

Amsa: Carbin Katolika yana da rukuni biyar, kowanne da ƙwaya goma. A kan kowace ƙwaya ana maimaita gaisuwar da Mala'ika Jibra'ilu da Alisabatu suka yi wa Maryamu a Luka sura ta 1, tare da roƙon ta yi mana addu'a, zuciya kuma tana bin matakan rayuwar Almasihu, waɗanda Fafaroma Yahaya Bulus na Biyu ya ƙara su zuwa ashirin a 2002. Koyarwar Katolika ta ce bauta ta Allah ce shi kaɗai, Maryamu girmamawa ake yi mata. Furotesta, irin su 'yan Luta da Baftis, ba su yarda da roƙo ta hanyarta ba, suna cewa matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, kuma wannan saɓani yana nan har gobe.

Tambaya: Yaya azumin Kirista yake?

Amsa: Babban azumi kwana arba'in ne kafin Ista, idin tashin Almasihu daga matattu, ban da ranakun Lahadi, don tunawa da kwana arba'in da Yesu ya yi a jeji. Yana farawa ranar Larabar Toka, inda ake shafa wa mutum toka a goshi ana tuna masa cewa ƙasa ne shi, ga ƙasa kuma zai koma. Ɗan Katolika baligi yana cin cikakken abinci sau ɗaya a wannan rana da ranar Jumma'ar da aka gicciye Almasihu, yana kuma barin nama kowace Jumma'a ta azumin, ba a kuwa hana shi ruwa ba. Wasu ikilisiyoyin ba su da lokaci tsayayye, sai fasto ya kira azumin yini ɗaya ko uku saboda fari ko rashin tsaro. A wurin Katolika da Furotesta, Ista tana faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, daidai lokacin da zafin kwarin Binuwai yake kan ganiyarsa. A daren Asabar ana hura wuta a harabar majami'a, a kunna babban kyandir daga gare ta, jama'a su bi shi cikin duhu kowa da nasa ƙaramin kyandir, kuma a wannan dare ne ake yi wa manyan da suka daɗe suna koyon katikis, wato darussan addini, baftisma.