Rundunar Flying Tigers da Kwamandanta Claire Chennault

Flying Tigers laƙabi ne na wata ƙaramar rundunar matuƙan jiragen yaƙi 'yan sa-kai daga Amurka da ta yi wa ƙasar Sin yaƙi da Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. Sunanta na hukuma shi ne American Volunteer Group, a taƙaice AVG. Matuƙanta kusan 100 ne, masu gyara da sauran ma'aikatan ƙasa kuwa wajen 200. Sunan da ta yi ya fi ƙarfin shekarunta, domin daga faɗanta na farko zuwa ranar da aka rushe ta bai cika wata bakwai ba.

Kwamandan

Claire Lee Chennault ya tashi ne a jihar Louisiana. A rundunar saman sojan Amurka malamin dabarun jiragen farauta ne, a zamanin da manyansa suka yi amanna cewa babu abin da zai iya tare manyan jiragen jefa bam. Shi kuwa ya kafe cewa za a iya, in dai an sami labarin zuwansu da wuri. Gardamar ba ta yi masa daɗi ba. A 1937 ya yi ritaya da muƙamin kyaftin, ga ciwon ƙirji ga raunin ji, ya nufi Sin a matsayin mai ba gwamnatin Chiang Kai-shek shawara. Bai daɗe da sauka ba yaƙi ya ɓarke tsakanin Sin da Japan, sai ya sami abin da takwarorinsa na gida ba su samu ba: shekaru yana kallon yadda matuƙan Japan ke faɗa, yana rubutawa.

Kafa rundunar

Zuwa 1940 rundunar saman Sin ta kusa ƙarewa, jiragen Japan na ruwan bama-bamai a Chongqing, hedikwatar gwamnatin Sin a lokacin yaƙin, yadda suka ga dama. Amurka ba ta shiga yaƙin ba tukuna, don haka aka bi ta bayan gida. Gwamnatin Shugaba Roosevelt ta yarje wa matuƙan soja su ajiye aiki su sa hannu da wani kamfani mai suna CAMCO. Albashin matuƙi dala 600 ne a wata, shugaban ayari 750, ga alkawarin dala 500 kan kowane jirgin Japan da aka lalata. Wannan ya sa har yau ake taƙaddama ko 'yan sa-kai ne ko sojojin haya. Gaskiyar ita ce an sami kowane iri a cikinsu.

An ba su jirage 100 samfurin Curtiss P-40 daga cikin waɗanda aka ƙera wa Birtaniya. A Rangun aka harhaɗa su, horo kuma aka yi shi kusa da Toungoo a ƙasar Bama, cikin zafi da sauro da damina. Wasu matuƙan ba su taɓa tuƙa jirgin farauta ba, kuma an yi asarar jirage da rayuka tun kafin a ga abokin gaba. An kasa su ayari uku: Adam and Eves, Panda Bears da Hell's Angels. Bakin kifin shak mai haƙora zaƙo-zaƙo da suka zana a hancin jiragensu, wanda ya zama tambarinsu, sun kwaikwayo shi ne daga wani ayarin Birtaniya da ke yaƙi a Arewacin Afirka.

Dabarar faɗa

A nan ne hannun Chennault ya fi fitowa. P-40 jirgi ne mai nauyi da sulke, ba ya saurin juyi ko hawa kamar Ki-27 da Ki-43 na Japan, amma ya fi su gudu idan ya sunkuyo, ya kuma fi su jure harsashi. Sai ya hana yaransa zagaye-zagaye da abokin gaba. Umarninsa shi ne su tashi bibbiyu, su hau sama da shi, su faɗo masa kamar shaho kan ɗan tsako, su buɗe wuta su wuce, sannan su sake hawa. A Sin kuma akwai jerin masu tsaro a ƙauyuka da tsaunuka, riƙe da waya ko rediyo, suna kai rahoton ƙarar jirgi da inda ya dosa. Da wannan ne 'yan jirage kaɗan ke samun lokacin hawa su jira.

Fagen daga

Ranar 20 ga Disamba 1941 suka tare jiragen bam 10 da suka nufi birnin Kunming na Sin, suka harbo wasu, sauran suka juya. Kwana uku bayan haka faɗa ya koma Rangun, tashar da kayan yaƙi ke sauka kafin su bi Hanyar Bama zuwa Sin. Tare da sojan saman Birtaniya suka yi ta kare garin har ya faɗi a Maris 1942. A lokacin ne wasu matuƙansu suka je Gwalkwas, Gana ta yanzu, ɗauko sababbin jirage, suka biyo hanyar saman da ta ratsa Afirka, wadda Kano ke cikin zangonninta. A watan Mayu suka yi luguden wuta kan ayarin sojan Japan a kwazazzabon Kogin Salween, harin da ya taimaka wajen hana shi ƙetare kogin ya ƙara kutsawa cikin lardin Yunnan na Sin.

A hukumance an lissafa musu jiragen Japan kusan 300, su kuma suka rasa matuƙa 14 a bakin daga. Masu binciken da suka duba takardun Japan daga baya sun kawo adadin da bai kai rabin wancan ba. Ko da hakan, nasarar ta zo ne a watannin da Amurka da ƙawayenta ke shan kashi a hannun Japan daga Pearl Harbor zuwa Singafo, shi ya sa jaridun Amurka suka ɗauke su sama.

Rushewa

An rushe AVG ranar 4 ga Yuli 1942, sojan Amurka suka karɓi aikin. Rabuwar ba ta yi armashi ba, domin an nemi tursasa musu komawa soja, matuƙa 5 kacal suka amince, ciki har da David "Tex" Hill. Chennault ya ci gaba da jagorancin jiragen Amurka a Sin, daga Maris 1943 a matsayin kwamandan Rundunar Sama ta 14, yana ta sa-in-sa da Janar Joseph Stilwell, babban kwamandan sojan Amurka a yankin, kan rabon kayan yaƙi. Ya rasu a 1958. Sai a 1991 gwamnatin Amurka ta amince a lissafa aikin AVG cikin aikin soja.