Waiwaye: Tarihin Hoton Ƙashi da Gaɓɓai, da Abin da Ya Shafi Maraɗi a Cikinsa

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, likitan Turai da maɗorin ƙasar Hausa hanya ɗaya suke bi wajen gane karaya: su shafa, su latsa, su saurari inda majinyaci ya yi ƙara. A ranar 8 ga Nuwamba 1895 ne Wilhelm Röntgen, malamin kimiyya a garin Würzburg na Jamus, ya gano wani haske da ke ratsa tsoka amma ƙashi ya tare shi. Makonni kaɗan bayan haka ya ɗauki hoton hannun matarsa, ƙasusuwan yatsu da zoben aurenta suka fito sarai, kuma wannan aiki ne ya ba shi kyautar Nobel ta farko a fannin kimiyyar fiziks a 1901. Hoton radiyo, wato hoton da ake ɗauka da wannan haske, ya bazu cikin gaggawa, har ta kai a Yaƙin Duniya na Ɗaya Marie Curie ta ɗora na'urorin a kan motoci domin a nemo harsashi da karaya a jikin sojojin Faransa kusa da fagen fama. Illar hasken ma ba ta jima ba ta bayyana, domin Clarence Dally, mai taimaka wa Thomas Edison a Amurka, ya mutu a 1904 bayan hasken ya cinye masa hannuwa.

Ganin karaya abu ne mai sauƙi. Abin da ya ɗauki lokaci shi ne mayar da hoton ma'auni, ta yadda likitoci biyu da ba su san juna ba za su dubi gwiwa ɗaya su yanke hukunci ɗaya, domin idan babu wannan to babu binciken da zai tsaya da ƙafarsa. A 1957 Kellgren da Lawrence, masu bincike a Manchester ta Ingila, suka kasa amosanin gaɓɓai zuwa matakai daga 0 zuwa 4, gwargwadon yadda ratar da ke tsakanin ƙasusuwa biyu ta tsuke da yadda ƙananan tsiro suka fito a gefen ƙashi. Har yau da wannan ma'auni ake aiki. Kafin su, a 1950, Greulich da Pyle sun fitar da kundin hotunan hannun yara wanda ake kwatanta girman ƙashin yaro da shekarunsa da shi. Yana da kyau a san cewa yaran da aka ɗauki hotonsu ƴaƴan fararen fata ne masu hali na birnin Cleveland a shekarun 1930, saboda haka duk wanda zai auna yaron Dakoro ko na Mayahi da wannan kundi ya kamata ya yi taka-tsantsan.

Hoton radiyo yana da iyakarsa. Inuwa ce kawai, gaba da baya sun haɗe wuri guda, kuma guringuntsi da jijiya da ɓargo ba sa fitowa. Ƙashi yakan rasa kusan kashi 30 cikin 100 na ma'adininsa kafin ido ya lura a hoton, kuma ƙwayar cuta da ta shiga ƙashi takan yi kwana 10 zuwa 14 tana ɓarna hoton yana nuna lafiya lau. Waɗannan giɓoɓi ne na'urorin baya suka zo cikewa. Sikana, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera kuma aka fara gwadawa a kan majinyaciya a Landan a 1971, tana ɗaukar jiki yanki-yanki kamar yadda ake yanka burodi, sannan kwamfuta ta harhaɗa. Ita ce gwanar karayar ƙashin baya da ta ƙugu, sai dai hasken da take zuba wa jiki ya ninka na radiyo sau da yawa. Eko, wadda mata suka fi sani da awon ciki, ta shigo fagen gaɓɓai a 1980 lokacin da Reinhard Graf na Ostiriya ya nuna yadda za a duba ƙugun jariri da ita, tun ƙashin yana guringuntsi.

Wadda ta fi canja tunanin masu bincike ita ce IRM, mai aiki da maganaɗisu ba tare da hasken radiyo ba, wadda Paul Lauterbur ya aza harsashinta a 1973 kuma ya raba kyautar Nobel ta 2003 da Peter Mansfield. Da ita ake ganin guringuntsin gwiwa da ɓargo sarai a jikin mai rai. Amma ta zo da nata ruɗanin. A wani bincike da aka buga a Amurka a 1994 an saka mutum 98 da ba sa jin ciwon baya ko kaɗan a cikin na'urar, sai aka tarar fiye da rabinsu suna da kumburin faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya. Tun daga nan likitoci suka fahimci cewa abin da ya fito a hoto ba lallai ne shi ke kawo ciwon ba, kuma wannan darasi ya kamata ya isa kunnen majinyatanmu da ke sayar da akuya ko buhun gero domin a yi musu hoto mafi tsada, da zaton tsadar ce maganin. Daga baya manyan bincike suka koma bin mutane shekara da shekaru, kamar wanda aka fara a Amurka a 2004 da mutum kusan 4,800 da ake ɗaukar hoton gwiwarsu a kai a kai, domin a ga wane canji ne ke riga ciwo zuwa.

Awon kaurin ƙashi da na'urar DXA ya shigo a 1987, kuma a 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da adadin -2.5, makin da ke nuna yadda kaurin ƙashi ya gaza na matashi mai lafiya, a matsayin iyakar da za a ce ƙashi ya zaizaye. An gina wannan adadi ne a kan matan Turawa da suka daina al'ada.

A nan ne labarin Tibiri ya shigo, garin da ke ƴan kilomitoci daga Maraɗi. Daga tsakiyar shekarun 1980 mutanen garin suka riƙa shan ruwan wata rijiyar burtsatse wanda sinadarin fuloraid ya yi wa yawa, ya ninka miligiram 1.5 a kowace lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Kafin a ankara haƙoran dubban yara sun rine, ɗaruruwa kuma ƙafafunsu sun lanƙwashe, wasu gwame wasu baka, har ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na duniya suka shiga maganar a farkon shekarun 2000. A irin wannan cuta hoton radiyo na yau da kullum yana faɗin abu da yawa: ƙashi yakan fito fari fat fiye da ƙima, jijiyoyin da ke riƙe gaɓa su sandare, tantanin da ke tsakanin ƙasusuwa biyu na hannu, daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, ya koma ƙashi. Abin lura shi ne na'urar awon kauri za ta iya ba irin wannan ƙashi maki mai kyau, alhali ya yi kauri ne ba tare da ƙwari ba. Ma'aunin da aka ƙera domin tsofaffin matan Turai bai san tambayar yaron Tibiri ba.

Haka abin yake ga masu cutar sikila, wadda a Nijar aka fi sani da emasi. Jini yakan toshe wa kan ƙashin cinya hanya, wurin ya mutu a hankali, matashi ya fara ɗingishi. IRM tana gano wannan tun kan ƙashin bai rufta ba, lokacin da ake iya cetonsa, amma radiyo sai ɓarna ta yi nisa take shaida. Ga kuma tarin fuka da ke cin ƙashin baya har ya bar mutum da doro, ga karayar kabu-kabu da sau da yawa sai ta biya ta gidan maɗori ta haɗe a karkace kafin ta iso asibiti. Waɗannan su ne cututtukan ƙashin da suka fi damunmu, kuma ba su ne aka fi ƙera manyan na'urori dominsu ba.

Duk da haka, akwai misali daga maƙwabta da ke nuna cewa rashin babbar na'ura ba ya hana bincike mai nauyi. A Jos ta Nijeriya, Tom Thacher da abokan aikinsa sun bi yara 123 masu lanƙwasar ƙafa, kuma a 1999 suka nuna cewa ƙarancin sinadarin kalshiyam a abinci ne babban sanadin cutar a wurin, ba ƙarancin bitamin D da ake samu daga rana ba kamar yadda aka saba koyarwa a Turai. Da hoton radiyo na wuyan hannu da na gwiwa suka yi aikin. Shekara guda bayan haka suka fitar da ma'auni mai maki 10 na auna tsananin cutar, wanda a yau ake amfani da shi har a gwajin sababbin magunguna a Amurka da Turai. Abin da ya ba aikin daraja shi ne an ɗauki kowane hoto a tsari ɗaya, an maimaita bayan watanni, an kuma adana.

Wannan adanawar ce ta fi yi mana wuya. A al'adar asibitocinmu majinyaci ne ke tafiya da hotonsa gida a cikin babbar ambulan, ya cusa ƙarƙashin katifa ko bayan kwalla, zafi da ƙura su dafe shi, idan ya dawo bayan shekara biyu sai a sake sabon lale. IRM tana buƙatar wutar da ba ta yankewa, da ɗaki mai sanyi, da iskar heliyam da ake shigowa da ita daga waje, da ƙwararren da zai gyara ta idan ta tsaya, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan babban aiki ne a gari mai zafi irin Maraɗi. Radiyon zamani da ke ajiye hoto a kwamfuta ta fi sauƙin riƙo nesa ba kusa ba, kuma ana iya aika hotonta ta intanet ga ƙwararre a Yamai ya karanta. Yanzu da Maraɗi take da babban asibitin ƙwararru da kuma Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke horar da likitoci, akwai masu iya ɗaukar wannan aiki. Yaran Tibiri na wancan lokaci sun zama magidanta da iyaye mata, kuma bin sawun ƙasusuwansu da hoto a tsari ɗaya, da yardarsu, zai nuna yadda fuloraid ke barin jiki bayan an canja ruwan sha, da irin gaɓɓan da suka fi saurin gajiya idan shekaru suka ja.