Haɗarin sauyin yanayi ga tsarin kuɗi

Haɗarin sauyin yanayi ga tsarin kuɗi shi ne asarar da bankuna da kamfanonin inshora ke iya tafkawa sakamakon ambaliya, fari, ko sauyin dokokin makamashi. A watan Satumban 2015 gwamnan babban bankin Ingila na lokacin, Mark Carney, ya kasa shi gida uku: ɓarnar da yanayi ke yi kai tsaye, faɗuwar darajar kadarorin mai da kwal idan duniya ta rage amfani da su, da ƙarar neman diyya.

A Gana na farkon ya fi ciwo. Banki yana ba da rance ne da lissafin cewa masu bashi ba za su gaza a lokaci ɗaya ba, ambaliya kuwa wannan lissafin take rushewa. A daren 3 ga Yuni 2015 kogin Odaw ya cika ya batse, ruwa ya mamaye Alajo da Adabraka da shataletalen Kwame Nkrumah a Accra, inda gobarar gidan mai ta haɗu da ruwan, mutum fiye da 150 suka rasu. A irin wannan dare, mai shagon da ruwa ya jiƙa wa buhunan shinkafa ba zai biya bashin wata ba, maƙwabcinsa ma haka. Gidan da aka jinginar ya rage daraja domin kowa ya ga inda ruwa ya tsaya a bango. Yawancin ƙananan 'yan kasuwa ba su da inshora, sai asarar ta koma kan mai ba da rance, musamman ƙananan bankuna da masu adashi da ke hulɗa da unguwa ɗaya.

Wata hanyar da ɓarnar yanayi ke isa ga bankuna ita ce ta gwamnati. Idan koko bai yi albarka ba, kamar kakar 2023/24 da yanayi da cuta da haƙar zinariya ta ɓarauniyar hanya suka haɗu a kanta, dalar da ake samu daga sayar da shi a waje tana ƙaranci, sidi, kuɗin Gana, ya raunana, baitulmali ya shiga matsi. Bankunan Gana kuma suna riƙe da takardun bashin gwamnati masu yawa. Sake tsara bashin cikin gida daga Disamban 2022 ya nuna yadda matsalar baitulmali ke cinye jarinsu.

A 2019 Babban Bankin Gana ya ƙaddamar da ƙa'idoji 7, daga cikinsu akwai neman bankuna su auna haɗarin muhalli kafin ba da rance. Wahalar aikin ita ce bayanai: sai banki ya san takamaiman inda kowace kadarar jingina take kafin ya gwada ta da taswirar ambaliya.