Waiwaye: Yadda jirgin ruwa mai suna France ya ƙare a hannun masu yankan ƙarfe na Alang

Tun ranar 26 ga Yunin 2025 da yarjejeniyar Hong Kong kan farfasa tsofaffin jiragen ruwa ta fara aiki ake ta kai ruwa rana a kanta. Masu yabonta na cewa yanzu dole kowane babban jirgi ya riƙe takardar da ta lissafa duk wata guba da ke jikinsa, kuma duk filin da zai yanka shi sai ya sami izini, ya kuma tsara yadda zai yi aikin. Masu sukarta na cewa an kashe maciji ba a sare kansa ba, domin ba ta hana turo jirgi kan laka a bakin teku a yanka shi a nan ba, alhali haka ake yi a Alang ta Indiya da Chittagong ta Bangladesh da Gadani ta Pakistan. Su kuma waɗannan ƙasashe amsarsu ita ce dubban magidanta na cin abinci a wannan sana'a, kuma ƙarfen da ake samu shi ake narkarwa a yi rodin gini.

Mai sauraron gardamar zai zaci jiya ta taso. A 2009 aka amince da yarjejeniyar, ta yi shekaru tana jiran isassun ƙasashe su shiga, sai bayan shekara 16 ta fara aiki. Kuma a shekarun da ake rubuta daftarinta, ɗaya daga cikin jiragen da aka fi ambata a kotuna da jaridu shi ne wani tsohon jirgin fasinja da ke kwance a lakar Alang da sunan Blue Lady. Sunansa na yanka France.

Farkon labarinsa sananne ne. An ƙera shi a garin Saint-Nazaire na Faransa, aka tura shi ruwa ranar 11 ga Mayun 1960 a gaban shugaban ƙasar na lokacin, Janar de Gaulle, ya fara jigila daga tashar Le Havre ta Faransa zuwa New York a Fabrairun 1962. Tsawonsa mita 316, babu jirgin fasinja da ya kamo shi a tsawo sai a 2004 da Queen Mary 2 ya fito. Yana ɗaukar fasinja kusan 2,000, ya ƙetare Tekun Atilantika cikin kwana biyar. Matsalar ita ce tun a 1958, ana tsakiyar ƙera shi, jirgin sama samfurin Boeing 707 ya fara tashi tsakanin New York da Paris, tafiyar kwana biyar ta koma ta 'yan sa'o'i. Da tallafin gwamnati jirgin ya rayu. Da farashin gangar ɗanyen mai ya tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan dala 12 bayan rikicin mai na 1973, sai aka janye tallafin a 1974. Tsadar man da ta kawo wa ma'aikatan Nijeriya ƙarin albashin Udoji ita ce ta tsayar da jirgin. Ma'aikatansa sun yi bore a Satumba, suka girke shi a mashigar tashar Le Havre, suka riƙe shi kusan wata guda, amma bai hana komai ba. A shekarar ce kuma Aureol, jirgin da ya kwashi ɗalibai da ma'aikata da dama tsakanin Legas da Ingila, ya yi tafiyarsa ta ƙarshe. Shi ma a Alang aka yanka shi, a 2001.

France ya shekara fiye da huɗu a ɗaure a wani lungu na tashar Le Havre. Wani attajiri daga Saudiyya ya saye shi a 1977, bai yi komai da shi ba.

Daga nan masu ba da labari kan yi tsalle, su ce an sayar da shi, an sauya masa suna zuwa Norway, ya zama jirgin shaƙatawa, ya yi farin jini, sai su wuce zuwa hatsarin 2003. A ganina watannin da ya yi a garejin jiragen ruwa na Bremerhaven a Jamus, daga Agustan 1979 zuwa bazarar 1980, su ne suka yanke duk abin da ya biyo baya.

Dala miliyan 18 sababbin masu shi suka saye shi a 1979, gyaran kuma ya ci ninkin haka sau da dama. Aikin da za a ba shi ya sha bamban da wanda aka gina shi dominsa. A da, mutum na hawansa ne don ya isa wani wuri, cikin sanyi da igiyar ruwan arewacin Atilantika, shi ya sa aka rufe barandunsa da gilashi, aka raba fasinja gida biyu, masu hannu da shuni da sauran jama'a. Yanzu kuma jirgin shi ne wurin zuwan. Zai tashi daga Miami, ya zaga tsibiran Karibiyan, ya dawo bayan mako guda, ya sake ɗiban wasu. Sai aka rushe katangar da ke tsakanin fasinjojin, aka faɗaɗa sararin baya don masu shan iska, aka sa wuraren ninƙaya a fili, barandun nan na gilashi suka koma layin kantuna da wuraren shan shayi. Baƙin fentin jikinsa ya koma shuɗi. Da yake gindinsa na nitsewa cikin ruwa fiye da mita 10, ba ya iya matsawa gaɓar ƙananan tsibirai, don haka aka ɗora masa wasu ƙananan jirage biyu a goshi, kowanne na ɗaukar ɗaruruwan mutane, ana sauke su da ƙugiya su kai fasinja tudu. Wannan shi ne abin da ido ke gani, shi aka ɗauka a hoto aka buga a takardun talla.

A ƙasa, inda fasinja ba ya zuwa, an yi wani lissafin dabam. France na da tukwanen tururi takwas da farfela huɗu, don ya riƙa gudun kilomita 55 zuwa sama a sa'a dare da rana. Yawon tsibirai ba ya bukatar wannan gudu, man da yake sha kuma shi ne ya durƙusar da shi tun farko. Sai aka rufe ɗakin injin gaba, aka cire farfela biyu, aka bar tukwane huɗu na baya suna aiki. Ba a sauya masa zuciya ba, rabinta aka kashe. Ta fuskar kuɗi dabara ce mai kyau, domin sauya injin tururi da na dizal a jirgi mai wannan girma kusan sake gini ne.

Sai dai tukunyar tururi irin wannan an yi ta ne don a hura ta, ta ɗau zafi, ta zauna a haka kwanaki. A sabon aikin kuwa yau jirgi na tafiya, gobe yana tsaye gaban tsibiri, jibi ya sake tashi, ana ƙara wuta ana ragewa, ana kashe wata tukunya ana kunna wata, mako bayan mako har shekara 23. Kamar a ɗauko doguwar motar da ta saba Kano zuwa Legas ba tsayawa, a mayar da ita haya cikin gari, kowace kwana sai an taka birki. Ƙarfe idan ya yi zafi yana buɗewa, idan ya huce ya tsuke, kuma yawan haka na haifar da 'yan tsage-tsage a wuraren walda waɗanda ido ba ya gani sai an bi da na'ura.

Abu na biyu da aka bari shi ne asbesto. Mu nan mun san shi a silin da rufin tsofaffin gidajen gwamnati. A jirgi kuwa shi ake naɗe bututun tururi da shi, a cusa shi cikin bango da rufin ɗakuna saboda ba ya cin wuta. Masu ƙera France na da dalilinsu, domin gobara ta cinye manyan jiragen Faransa a baya, ciki har da Normandie da ya ƙone a tashar New York a 1942. A 1980 babu dokar da ta ce a cire shi. Faransa kanta sai a 1997 ta haramta asbesto. Muddin yana lulluɓe ba a taɓa shi ba, ba ya cutar da kowa sosai. Ranar da aka zo da guduma da wutar yankan ƙarfe ne ƙurarsa ke tashi. Wato kowace shekara da aka ƙara wa jirgin ta kasance riba ga masu shi da masu hawansa, kuɗin kwashe gubar kuma ana tura shi gaba ga wanda jirgin zai mutu a hannunsa. Babu wanda ya karya doka a nan. Dokar ce ba ta taɓa tambayar wa zai biya kuɗin jana'izar jirgi ba.

Abu na uku shi ne asali. France dukiyar ƙasa ce, abin alfahari, da a hannun Faransa ya mutu da wuya a bari ya tafi haka. Daga 1979 ya zama haja. An ƙera shi a Faransa, an gyara shi a Jamus, ya ɗaga tutar Norway, daga baya ya koma tutar Bahamas, yana aiki daga Amurka, ma'aikatansa kuma daga ƙasashe barkatai. Da ranar wanka ta zo, kowace ƙasa na da hujjar cewa ba nata ba ne.

Kuma ya yi nasara, wannan ba a musu. A lokacin da ya iso Miami, jiragen shaƙatawa ƙanana ne, akasarinsu ba su kai fasinja 1,000 ba, ana ganin babban jirgi ba zai cika ba. Norway ya cika, ya nuna cewa girma na rage kuɗin ɗawainiyar kowane fasinja. Sai kamfanoni suka shiga gina sababbi. A 1988 Sovereign of the Seas ya fito daga garejin Saint-Nazaire ɗin da ya haifi France, da injin dizal mai tsimin mai da ɗakuna na zamani. An ƙara wa Norway hawa biyu a sama a 1990 don ya yi gogayya, abin da masoyansa suka ce ya ɓata masa siffa. Duk da haka ƙannen da ya buɗe wa hanya sun sha gabansa, ya koma jirgin masu neman tikiti mai rahusa.

Da sanyin safiyar 25 ga Mayun 2003, jim kaɗan bayan ya ɗaure a tashar Miami, ɗaya daga cikin tukwanen nan huɗu ta fashe. Tururi ya ratsa har ɗakunan kwanan ma'aikata. Mutum takwas suka rasu, akasarinsu 'yan Filifin, fasinja ko ɗaya bai mutu ba. Binciken da aka yi ya gano tsagewa a jikin tukunyar, irin wadda yawan zafafawa da hucewa ke jawowa.

Bai sake tafiya da ƙarfin kansa ba. An ja shi zuwa Bremerhaven, ya yi kusan shekara biyu ana neman mai saye. An yi maganar mayar da shi otal ko gidan tarihi, amma duk wanda ya lissafa kuɗin cire asbesto sai ya ja da baya. A 2005 aka ja shi zuwa Port Klang a Malesiya.

A nan ne giɓin doka ya fito fili. Yarjejeniyar Basel ta 1989 ta taƙaita fitar da shara mai guba daga wata ƙasa zuwa wata, kuma 'yan Nijeriya na da hannu a tarihinta, domin gangunan gubar da aka jibge a garin Koko a 1988 na cikin abubuwan da suka tunzura duniya. Amma an rubuta ta ne da ganguna da kwantena a zuciya. Jirgi ba shara ba ne a idon doka sai ranar da aka bayyana niyyar farfasa shi, wannan niyya kuwa ana iya bayyana ta bayan ya bar tasha, yana tsakiyar tekun da ba na kowa ba.

A farkon 2006, da sabon suna Blue Lady, Bangladesh ta hana shi shiga ruwanta. A watan Fabrairun shekarar ne kuma Faransa ta janyo tsohon jirgin yaƙinta Clemenceau daga hanyar Alang saboda irin wannan ƙorafi na asbesto. Shi Clemenceau yana da ƙasar da za a kama, Blue Lady ba shi da ita. Masu kare muhalli sun kai ƙara Kotun Ƙolin Indiya, aka bar shi ya fake a ruwan ƙasar saboda damina ta kawo jiki, a watan Agusta kuma aka turo shi kan laka. Gaɓar Alang na da tudu da kwari na ruwa mai yawa, idan teku ta cika a kan turo jirgi ciki, idan ta janye sai ya zauna daram. Jirgin da ba shi da inji mai aiki, da ya zauna ya zauna ke nan. Kotun ta ba da izinin yanka shi a Satumbar 2007 bisa wasu sharuɗɗa, alhali ƙiyasi ya nuna akwai fiye da tan 1,000 na kayan da ke ɗauke da asbesto a cikinsa.

Kafin ƙarshen 2008 an gama da shi. An yanko ƙarshen hancinsa aka kai Paris aka yi gwanjonsa, yanzu yana girke a Le Havre. Sauran aikin leburori ne suka yi shi, yawancinsu 'yan ci-rani daga jihohin Uttar Pradesh da Bihar da Odisha, waɗanda kan yi 'yan shekaru su koma ƙauyukansu. Cututtukan huhu da asbesto ke haddasawa kan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin su bayyana, don haka waɗanda suka shaƙi ƙurarsa a 2008 yanzu ne suke dosar shekarun da za a fara gani a jikinsu.