Shin mai fili ne zai biya diyya idan mai hawan dutse ya faɗo?

A Amurka akwai wasan hawan ƙananan duwatsu, irin namu na Kufena, ba igiya, sai katifa da ake shimfiɗawa a ƙasa. Duwatsu masu kyau da yawa suna cikin gonakin mutane, kuma tun da daɗewa masu filaye ke rufe ƙofa bisa tsoro ɗaya: wai duk wanda ya zame ya karya ƙafa zai maka su kotu ya ci dukiyarsu.

Ba haka dokar take ba. Dukkan jihohi 50 suna da dokar da ke kare wanda ya bar jama'a su shiga filinsa don shaƙatawa, kuma da dama sun ɗauko ta ne daga wani daftari na 1965. Matuƙar bai karɓi kuɗin shiga ba, ba a ɗora masa nauyin gyara wurin domin baƙi. Kariyar takan raunana idan ya fara karɓar kuɗi, ko ya san da wani mugun haɗari ya ɓoye da gangan. Sharuɗɗan sun ɗan bambanta daga jiha zuwa jiha.

Abin da ke damuna shi ne, wannan tsoron ya hana matasa wurare masu yawa ba gaira ba dalili. Sai dai dokar ba ta ba kowa izinin tsallaka shinge ba, dole a yi sallama. Ƙungiyar Access Fund, mai fafutukar samar wa masu hawan dutse wuraren hawa, tun kafa ta a 1991, takan zauna da masu filaye a sasanta, wani lokacin ma ta taimaka a sayi filin dungurungum.